Littafin aikin firam ɗin hotunan gidanmu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta awo da kuɗin da na kashe, da abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Aikin shi ne in haɗa wa hotunan gidanmu firam na katako da hannuna. Akwai tsofaffin hotunan marigayi Baba, baƙi da fari, waɗanda aka ɗauka a situdiyo cikin shekarun 1970, sai hoton Hajiya na shekarar da ta sauke farali, sai kuma wasu nawa da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata na kai aka wanko mini.

Na zagaya wajen masu sayar da firam kafin in yanke shawara. Yawancin abin da ke kasuwa roba ce mai ruwan gwal, kuma yadda ake saka hoton ne ya fi damuna: a shafa masa gam a manna a jikin allo, ko a rufe shi da leda a goge da zafi. In an yi haka hoton ya tafi ke nan, ba a sake raba shi da allon. Hoton da za a iya sake wankowa gobe babu laifi, amma na Baba guda ɗaya ne a duniya. Ga shi kuma girman tsofaffin hotuna bai zo daidai da na yanzu ba, sai dai a datse gefensu, ni kuwa ba zan sa almakashi a jikinsu ba.

Wurin aiki: ƙaramin ɗakin ajiya na bayan gida, da tsohon tebur mai ƙarfi. Kayan da nake da su: guduma, tef ɗin awo, cizal guda biyu, fensir. Ranar Asabar nake da lokaci, sai wani lokacin bayan isha'i.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa. Na sayi falle ɗaya na afara, mai haske da sauƙin yanka, domin koyo. Na ƙara falle ɗaya na mahogani, ɗan'uwan maɗacin nan namu da ake kawowa daga kudu, saboda jan launinsa zai dace da hotuna baƙi da fari. Afarar daga ƙasan tari aka zaro ta, duk ƙura, da gani ta daɗe a rumfar. Mahoganin kuwa sabon sauke ne, yana da nauyi da sanyi a tafin hannu.

Daga nan na kai wa mai inji ya goge ya tsaga mini sanda-sanda. Afara faɗin milimita 30, mahogani faɗin milimita 45, kaurin duka milimita 20. A bayan kowace sanda na sa ya fitar da kwarmi, inda gilashi da hoto da allon baya za su kwanta: faɗinsa milimita 6, zurfinsa milimita 12. Ya ce mutane ba sa neman zurfi haka, 8 ya isa. Na yi masa lissafi: gilashi 3, kwali 2, allon baya 4, ga hoton kansa, sannan ana bukatar wurin da ƙusa za ta kama. Ya gyaɗa kai ya gyara injin.

Afara ₦7,000. Mahogani ₦15,000. Aikin inji ₦4,000. Adaidaita sahu zuwa gida ₦2,500. A hanya na tsaya na sayi zarto mai ƙananan haƙora ₦6,500, sukwaya (abin auna kusurwa) ₦3,000, gam ɗin Top Bond ₦3,000, samfefa mai kaushi da mai laushi ₦1,500. Jimillar yau ₦42,500.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na share ɗakin, na jingine sanduna a bango. Ba a yi yanka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na haɗa akwatin yanka: katako uku kamar kwata, na ja layin digiri 45 da sukwaya a kan gefunansa biyu, na bi layin da zarto har ƙasa. Cikin wannan tsaga zarto zai riƙa bi duk lokacin da za a yanka kusurwa.

Firam na farko, afara. Da na gama yanka sanduna huɗu na jera su a kan tebur, kusurwa uku sun haɗu, ta huɗu ta buɗe baki har kwali zai iya shiga. Na matse ta huɗun, sai ta biyu ta buɗe. Duk inda na bi, ɓarakar sai ta koma wani wuri. Na zauna da takarda na gane dalili. Firam ɗaya yanka takwas ne, biyu a kowace sanda. In tsagar akwatin ta kauce da rabin digiri kawai, wanda ido ba zai gani ba, to kowace kusurwa ta kauce da digiri ɗaya, kusurwa huɗu digiri huɗu, kuma dukkansu a kusurwar ƙarshe suke taruwa. Bayan haka na ɗora dogayen sandunan biyu baya da baya, na ga ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da kusan milimita biyu. Wannan shi kaɗai ya isa ya hana firam zama daidai ko da kusurwoyin sun yi kyau.

Ban shafa gam ba. Na ajiye sandunan, za a rage su a yi ƙaramin firam da su.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Bayan isha'i na gwada gyara bakin yankan da samfefa a hannu. Bakin ya yi ƙundu, tsakiya ta taso gefe ya zaizaye. Wannan ba hanya ba ce.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Akwai wani dattijon kafinta a bakin layinmu, tun muna yara yake haɗa gado da kabad. Na ɗauki akwatin yankan da sandunan na je na gaishe shi. Ya ɗaga su sama yana hangen haske ta tsakanin kusurwar, sai ya ce, “Ɗana, kai kana auna katako, ba ka auna akwatin ba.”

Na ce, “Baba, yaya ake auna shi?”

Ya ɗauki guntaye biyu ya yanka a cikin akwatin, ya haɗa bakinsu, ya sa sukwaya a ciki. Nan take aka ga haske a gefe ɗaya. Ya ce kafin in taɓa katakon kirki, in riƙa yin wannan gwaji da guntaye har sai sukwayar ta kwanta lif. Bai sa na jefar da akwatin ba. Ya ninke 'yar takarda ya cusa tsakanin sandar da bangon akwatin daga can ƙarshe, ta ɗan karkatar da sandar, ya sake yankawa, kusurwar ta rufe.

Sauran abin da ya koya mini, na rubuta shi yadda ya faɗa don kada in manta. A buga ɗan guntun katako a cikin akwatin ya zama madogara, ta yadda sanduna biyu masu kallon juna za su fito tsawo ɗaya ba tare da an sake awo ba. Kada a danna zarto, nauyinsa ya isa. In za a goge bakin yanka, a manna samfefa a kan abu mai shimfiɗa kamar gilashi, a ja katakon a kanta, ba a ja samfefa a kan katako ba. Bakin katako yana shan gam kamar yadda rairayi ke shan ruwa, saboda haka a fara shafa masa gam da aka sirka da ruwa kaɗan, a bar shi ya ɗan sha iska, sannan a shafa na gaske a haɗa. Batun matsewa kuwa, ya ce kada in kashe kuɗi a kan ƙarfe: in nemi tsohuwar robar cikin tayar keke in tsaga ta dogo-dogo, in naɗe firam ɗin da ita.

Na miƙa masa kuɗin goro ya ƙi karɓa. Ya ce in kawo na farkon da ya yi kyau ya gani.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau an samu firam. Ga lissafinsa, don shi zan riƙa bi.

Hoto mai inci 5 da 7, wato milimita 127 da 178. Ina so a kewaye shi da farin kwali har ya kai inci 8 da 10, wato 203 da 254, wanda shi ne girman gilashi da allon baya. Kwarmin firam sai ya ɗara gilashi da milimita 3 domin ya shiga babu dole: 206 da 257. Tsawon sanda daga tsini zuwa tsini kuwa, sai a cire faɗin kwarmi daga faɗin sanda, 30 a cire 6 saura 24, a ninka biyu 48, a ƙara a kan awon kwarmi. Gajerun sanduna 254, dogaye 305.

Na shimfiɗa leda a kan tebur don kada gam ya kama, na haɗa, na naɗe da roba zagaye uku. Kafin gam ya kama na auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, ta nan da ta can, awon ya zo ɗaya. Gam ɗin da ya tsatso na share da jiƙaƙƙen tsumma nan take, domin in ya bushe a fuskar katako banish ba ya shiga wurin, sai ya bar tabo fari.

Da yamma hannu ya zauna, sai na yanka mahogani na haɗa manya guda biyu. Ƙurarsa tana sa atishawa sosai, sai da na ɗaure hanci da ƙyalle.

Asabar, 7 ga Disamba

Wajen mai gilashi. Na so mai kaurin milimita 2 don ya fi sauƙi a bango, amma 3 kawai yake da shi. Na tafi da firam ɗin kansu maimakon takardar awo, ya yanka ya gwada a gabana. Na tsaya ina kallon hannunsa: ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya ja layi sau ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan, ya kawo layin bakin tebur ya danna, gilashin ya rabu. Ya ce ba a maimaita layi, maimaitawa ce ke ɓata bakin abin yankan ta kuma sa gilashi ya tsage ta wani wuri. Ya ba ni ɓaraguzai kyauta in koya da su.

Gilashi shida ₦7,500. Abin yankan gilashi ₦2,500. An kai ₦52,500.

Asabar, 14 ga Disamba

Biki a dangi, ban shiga ɗakin aiki ba. Hazo ya sauka sosai makon nan.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na shiga ɗaukar tef, sai idona ya kai kan firam biyun na mahogani. Dukkan kusurwoyinsu sun buɗe, kuma iri ɗaya suka buɗe: tsinin waje a haɗe, ciki ya rabu, farce yana shiga. Da na ɗaga ɗaya na ɗan murɗa, kusurwa ɗaya ta saki gaba ɗaya. Na afara kuwa yana nan yadda na bar shi, ko gashi ba zai shiga kusurwarsa ba.

Na farko na zargi gam. Amma gam ɗaya ne, rana ɗaya, hannu ɗaya. Sai na auna faɗin sandar: an tsaga ta 45, yanzu ba ta kai 44 ba. Tsawonta bai canja ba. Katako haka yake, in yana bushewa a faɗi yake tsukewa, a tsawo kusan ba ya motsi. To yankan digiri 45 yana daidai ne kawai muddin faɗin bai canja ba. Da faɗin ya ragu tsawo yana nan, yankan ya ƙara tsini, shi ya sa waje ya riƙe ciki ya buɗe. Kuma iya faɗin sanda iya girman ɓarakar, saboda haka mai 45 ta fi mai 30 shiga haɗari tun asali.

Wannan katako daga dajin kudu ya taso, inda iska ke ɗauke da ruwa kusan duk shekara, ya sauka Kano ana shirin hunturu, lokacin da leɓen mutum ma tsagewa yake yi. Nauyi da sanyin da na ji a tafin hannu ranar sayensa ruwa ne. Afarar ta riga ta sha zamanta a rumfa ta saba da iskarmu. Na kai wa Baba kafinta ɗaya daga ciki, ko juyawa bai yi da shi ba ya ce, “Ɗanye ne.” Ya ce a kasuwa kowa zai ce maka nasa busasshe ne, hannunka ne zai gaya maka gaskiya, kuma shi a ƙofa da kabad yake ganin wannan duk shekara, aikin da aka yi da kaka ya zo ya buɗe da hunturu.

Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin waɗannan biyun su ne na hotunan Baba. Cike ɓarakar da garin katako da gam yana yiwuwa, amma katakon bai gama tafiya ba, zai sake buɗewa.

Asabar, 21 ga Disamba

Na raba firam biyun, na kankare tsohon gam. Sandunan sun isa a sake yanka su a yi ƙanana.

Sauran mahoganin na sauke shi daga jingine, don na lura wasu sanduna sun fara lanƙwasa. Na jera su a kwance a kan shimfiɗaɗɗen wuri, da 'yan tsinkayen katako tsakanin sahu da sahu domin iska ta ratsa, na ɗora bulo a sama. A inuwa, ba a rana ba, rana tsaga shi za ta yi. Na ware sanda ɗaya na ɗora a ma'aunin kicin na uwargida, na rubuta nauyinta a jikinta da fensir. Duk Asabar zan sake aunawa. Ranar da nauyin ya daina sauka, katakon ya daidaita da iskar ɗakin. Kafin nan da afara kawai zan yi aiki.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar da na fi tsoro. Babban hoton Baba, wanda yake zaune da babbar riga da hula, hannu a kan gwiwa, yana cikin tsohon firam na ƙarfe tun kafin a haife ni. Na kwantar da shi a kan tawul, na miƙe ƙusoshin baya, na ɗaga kwalin. Kwalin ya zama ruwan ƙasa yana marmashewa, kuma ya bar wa bayan hoton launinsa. Da na sa yatsa a gefe in ɗaga hoton, sama ya taso, ƙasa ya ƙi. Na juya ta gaba na karkata shi ga haske, sai ga wani fili mai sheƙi kamar jiƙaƙƙe daga gwiwar Baba zuwa ƙafarsa. Hoton ya manne da gilashi.

Fuskar irin waɗannan hotuna tana da wani siririn shafi mai danƙo da ke riƙe da hoton kansa. In damina ta yi nisa iska ta cika da laima, shafin yana laushi, in kuma yana jingine da gilashi sai ya kama shi. Shekara da shekaru ana haka. In aka ja, takardar za ta taho ta bar hoton a jikin gilashi. Wani ya ba ni shawarar in jiƙa shi a ruwa, wani ya ce tururi. Ban yi ko ɗaya ba. Na mayar da shi yadda yake, da gilashinsa.

Na kai shi wurin masu wanke hoto na sa aka goge wajen gilashin, aka kifa shi a na'urar kwafa ta kwamfuta aka ɗauka ta cikin gilashin, ɗigo 600 a inci. Na zauna kusa da yaron da ke aikin na roƙe shi kada ya gyara fuska, kada ya ƙara launi, tabon ƙasa kawai zai rage. Sun saba mutane na son a goge komai ya yi sumul, ni kuwa ƙananan layukan goshin Baba nake so su fito. Aka wanko a takarda marar sheƙi. Ya yi kyau fiye da zatona. Kwafin ne zai hau bango, na asalin zai kwanta a akwati da gilashinsa, a naɗe da farar takarda. Na sa an tura mini hoton a waya na rarraba wa 'yan'uwa, Yaya ta kira daga Kaduna muka daɗe muna magana.

Wannan ya tabbatar mini cewa farin kwalin da ake kewaye hoto da shi ba ado kawai ba ne. Kaurinsa ne ke raba fuskar hoto da gilashi. A ƙasar da ke da watan Agusta irin namu, ba zan rufe hoto ko ɗaya babu shi ba.

Kwafa da wankewa, har da ƙananan hotuna uku, ₦5,000. An kai ₦57,500.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Neman kwali. Wanda aka yi musamman don hoto, marar sinadarin da ke ƙona takarda, ban samu a shagunan da na shiga ba. Kwalin katan da na bayan kalanda su ne ke yin abin da na gani a bayan hoton Baba, saboda haka ba za su taɓa hoto ba. Abin da na yi: na sayi farin kwali mai kauri na masu zane, da takardar zanen ruwa wadda aka rubuta a bangonta cewa ba ta da asid. Takardar ce za ta kasance a bayan hoto da kuma ƙarƙashin kwalin, inda yake taɓa gefen hoton.

Tagar kwali sai ta gaza hoton da milimita 3 a kowane gefe domin ta danne shi: 121 da 172 ga hoto mai 127 da 178, gefe ya rage 41 ko'ina. Ana yankawa daga baya, da rular ƙarfe da sabuwar reza, a ja a hankali ba a nemi hudawa a tashi ɗaya ba. Reza tana dakushewa da wuri a kan kwali, da ta fara jan gashi a canja ta. Kusurwoyi ne masu wuya, wuƙar kan wuce layi ta bar ɗan yanka a fuska. Na koma tsayawa kafin kusurwa, in ƙarasa da tsinin reza a tsaye.

Hoton kuma ba a manna shi gefe huɗu. Takarda ma tana numfashi da yanayi, in an ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu. Na naɗe 'yan aljihu masu kusurwa uku da takardar zanen, na manna su a allon baya, kusurwoyin hoton suka shiga ciki. Gam bai taɓa hoton ba, kuma salatef ba zai kusance shi ba, don ya kan zama rawaya ya bar maiƙo.

Kwali da takarda ₦6,000, wuƙa da reza ₦2,000. An kai ₦65,500. Nauyin sandar gwaji yana sauka.

Asabar, 11 ga Janairu

Firam biyu na afara, babu matsala. Sandar gwaji ta ragu kaɗan ƙwarai.

Asabar, 18 ga Janairu

Nauyin bai motsa ba daga makon jiya. Na sauke bulo. Sandunan sun yi sauƙi a hannu, in an ƙwanƙwasa suna ƙara mai kaifi. Biyu sun murɗe, na ware su. Sauran na mayar wa mai inji ya sake bi ta kansu ya rage faɗin zuwa 35, bai karɓi kuɗi ba.

Na yanka na haɗa uku. Wannan karon ban dogara da gam kaɗai ba. Bayan ya bushe, na kafa firam a tsaye na tsaga kowace kusurwa da zarto daga waje, zurfin kamar milimita 15, na fere siririyar afara daidai kaurin tsagar, na shafa gam na cusa, jijiyar katakon tana ratsa haɗin. Da ya bushe na datse abin da ya fito na goge. Yanzu kusurwar tana da abin da ke riƙe da ita ta ɓangarori biyu, ga kuma ɗan farin layi a cikin jan katako wanda ya ƙara masa kyau. Baba kafinta ya murɗa ɗaya da hannu biyu, ya miƙo mini ya ce, “To, yanzu ka yi aiki.”

Asabar, 25 ga Janairu

Banish. Shafin farko da burushi da rana tsaka, kafin ya bushe ƙurar hunturu ta zauna a kai, washegari in ka shafa hannu sai ka ji tsakuwa-tsakuwa. Na goge da samfefa mai laushi na sake dabara: na sirka banish da tina ya yi ruwa-ruwa, ina shafawa da tsumman auduga siriri, yana bushewa da wuri kafin ƙura ta samu wuri. Aikin bayan asuba nake yi kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a daɓe, in kife babban katan a kan firam ɗin. Shafi uku, da gogewa kaɗan a tsakani. Ban son ƙyalli mai yawa, yana janye ido daga hoton. Cikin kwarmi da bayan firam ma na shafa, domin katakon ya riƙa shan laima daidai ta kowane gefe.

Za su sha iska mako guda kafin hoto ya shiga, sai warin ya fita. Banish da tina ₦7,500. An kai ₦73,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Haɗawa. Gilashi a wanke a bushe sarai, sannan kwali mai taga, hoto a aljihunansa, takarda, siririn filawud. Kafin buga ƙusa sai na juya na duba, domin kusan kullum akwai ɗan gashi ko ƙwayar ƙura da ta shige ƙarƙashin gilashi, kuma a kan farin kwali ba ta ɓuya. Ƙananan ƙusoshi a gefen kwarmi, ba da guduma ba, da filaya nake matsa su a hankali don kada gilashi ya fashe. Daga ƙarshe na rufe bayan gaba ɗaya da takarda ruwan ƙasa mai ƙarfi, gam a kan katakon kawai. Wannan takarda ita ce maganin ƙura da kyankyaso da ƙananan ƙwarin da ke cin takarda. Zobba biyu a gefuna, kashi ɗaya cikin uku daga sama, da waya a tsakaninsu. A ƙasan baya na manna 'yan guntayen roba biyu, su ɗaga firam daga bango iska ta riƙa wucewa.

Na kai wa Hajiya nata da na Baba. Ta riƙe na Baba a cinya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta yi masa addu'a, ta sa mini albarka. Ta ce kada a rataye su a ɗakinta, nan take salla, a kai falo, kuma ba bangon gabas ba. Na zaɓi bangon da rana ba ta bugunsa ta taga, don hasken rana yana kashe launin hoto, musamman masu kala. Hoton Makka nata ma ya riga ya fara komawa ja-ja tun kafin ya zo hannuna.

Filawud, ƙusa, zobba, waya da takarda ₦5,000. Jimilla ₦78,000, firam shida a gama. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kayan aiki ne da za su daɗe, kuma katako ya rage da yawa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gyaran ɗaki da wasa cizal. Na gwada yankan gilashi a ɓaraguzai, madaidaicin layi yana fita, siririn yanki ne har yanzu yake karyewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Saura hotunan Ƙofar Mata. Na jera su kusa da mahogani, jan katakon yana faɗa da shuɗin baba, bai yi ba. Afara ba tare da wani launi ba ta fi dacewa, da farin kwali mai faɗi. Girmansu inci 8 da 12 ne, gilashin zai yi nauyi, saboda haka dole kusurwoyinsu su samu irin ƙarin da na yi wa na mahogani. Ina so in gama yanka da haɗawa kafin azumi ya kama a farkon Maris, banish da kwali sa biyo baya da dare.

Abin da ban gani ba tukuna shi ne damina. Katakon da aka haɗa a tsakiyar hunturu zai sha laima ya kumbura, kuma lissafin da ya buɗe kusurwa ta ciki zai iya buɗe ta ta waje. Na auna faɗin sandunan firam uku na rubuta a bayansu da kwanan wata, zan sake aunawa a Yuli da Agusta. Ranar Asabar mai zuwa zan koma Na'ibawa in sayi falle biyu in jera su a ɗaki tun yanzu, ba za a taɓa su ba sai baɗi. Zan kuma tambayi masu kawo kayan zane ko za su iya samo mini kwalin hoto na gaske daga Legas, da farashinsa.